Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shawara ga Shugabannin Ƙungiyoyin Agaji Masu Shirin Sauka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka domin mu taɓo wani al'amari da ba a cika tattauna shi ba, alhali ya durƙusar da ƙungiyoyin taimakon mabuƙata da dama waɗanda kuɗi bai taɓa gagararsu ba. Muna nufin saukar shugaba daga muƙaminsa, namiji ne ko mace, bayan ya shafe shekaru yana jan ragamar ƙungiyar da ke kula da marayu, marasa lafiya, tsofaffi da sauran masu ƙaramin ƙarfi.

Sauka halal ce, kuma babu wanda ya isa ya ga laifin mutumin da ya gaji, ko tsufa ya cim masa, ko iyalinsa suke buƙatarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake saukar. A ƙaramar ƙungiya, musamman wadda shugaban ne ya kafa ta da hannunsa, rabin dukiyarta ba ta cikin banki ko sito. Tana cikin kan shugaban da cikin wayarsa. Shi ya san wane mai hali ne ke bayarwa idan aka je masa gida, wane ne sai an rubuta masa takarda, wace uwar marayu ce ba za ta taɓa zuwa layin rabo ba saboda kunya. Ranar da ya tafi ba tare da ya sauke wannan ilimi a hannun wani ba, waɗanda za su fara ji a jikinsu su ne mabuƙatan, don su ba su da wata ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Abu na farko shi ne tsayar da rana. Shugaban da ya ce "na kusa sauka" ba tare da ya faɗi wata da rana ba, ya jefa kowa cikin zullumi: masu son kujerar su fara kamun ƙafa, masu ba da tallafi su riƙe hannu su ga yadda za ta kaya. A ba da sanarwar wata 12 idan da hali, kada kuma ta gaza wata 6. A zaɓi ranar da ta faɗo bayan rufe lissafin shekara da kammala binciken kuɗi, ba tsakiyar lokacin rabon kaya ba, ba kuma ana saura mako biyu a miƙa rahoto ga wata cibiyar da ta ba da tallafi ba. Jerin waɗanda za a sanar ma yana da muhimmanci. Kwamitin amintattu, wato waɗanda aka damƙa wa amanar sa ido kan ƙungiyar, shi ne farko, sannan ma'aikata da 'yan sa-kai, sannan manyan masu ba da gudummawa, su kuma baki da baki za a gaya musu, daga nan sai sauran jama'a. Ma'ajin da ya ji labarin saukar shugabansa a Facebook ba zai ƙara sakin jiki da shirin ba, kuma yana da gaskiya.

Kafin a fara ambaton sunan kowa, a ɗauko kundin tsarin mulkin ƙungiyar a karanta abin da ya ce game da zaɓen shugaba: wa ke da ƙuri'a, mutum nawa ne za su halarta kafin taro ya halatta, sanarwar kwana nawa ake bayarwa, wa'adin shekara nawa ne. Sau da yawa za a tarar kundin ya yi shiru, domin a lokacin da aka rubuta shi babu wanda ya kawo wa ransa cewa wanda ya kafa ƙungiyar zai taɓa tafiya. Idan haka ne, a gyara kundin tun 'yan takara ba su fito ba. Dokar da aka rubuta bayan an san masu neman kujera, kowa zai ce don wane aka yi ta. A ganinmu wa'adin shekara 3 da za a iya sabuntawa sau ɗaya ko biyu ya wadatar. Ƙa'idar tafiyar da ƙungiyoyin agaji ta Ingila ma ta ba da shawarar cewa amintaccen da ya haura shekara 9 a kujera, sai an yi nazari mai tsauri kafin a sake naɗa shi. Rotary kuwa, ƙungiyar hidimar al'umma mai rassa a ƙasashen duniya, shekara ɗaya tak shugabanninta ke yi, suna karɓar aiki ranar 1 ga Yuli, kuma ana sanin mai jiran gado tun da wuri domin ya koyi aikin. Ba lallai kowa ya bi wannan ba, amma darasin a fili yake: inda sauyin shugabanci ya zama abin da aka saba, ba ya zuwa da girgiza.

Kada shugaba mai barin gado ya naɗa magajinsa shi kaɗai, ko da ya fi kowa sanin wanda ya cancanta. A kafa kwamitin mutum 3 ko 5, ya ba su shawararsa, ya fita daga ɗakin lokacin yanke hukunci. Idan ɗansa ko ƙaninsa ko matarsa na cikin masu nema, to ya janye daga maganar gaba ɗaya, a kuma rubuta janyewar a cikin bayanin taro. Ɗan gida zai iya cancanta, amma sai an bi ta wannan hanya za a yarda cewa cancantar ce ta kai shi.

Yanzu maganar kuɗi, wadda a nan ne zumuncin shekara ashirin kan watse a yini ɗaya.

A fara da masu sa hannu a asusun banki. Banki ba ya canza su da kiran waya. Zai nemi ƙudurin da amintattu suka zartar a rubuce, da bayanin taron da aka yi, da takardun shaidar sabon mai sa hannu, kuma aikin kan ɗauki makonni. Saboda haka a fara shi saura wata 2, a shigar da sabon kafin a cire tsohon, don kada a wayi gari babu mai ikon fitar da kuɗin maganin mara lafiya. A tabbatar doka ita ce mutum biyu cikin uku ne ke sa hannu, kuma kada biyun su zama 'yan gida ɗaya. Sai kuma ɗan ƙaramin abin da kusan kowa ke mantawa: layin wayar da banki ke turo saƙon shigar kuɗi da lambar tabbatarwa. Idan layin shugaba ne na kansa, to an yi bikin miƙa mulki, an ɗauki hotuna, amma har yanzu asusun yana aljihunsa. Sabon shugaba zai zauna gaban kwamfuta zai biya kuɗin makarantar yara talatin, lambar tabbatarwa ta tafi wayar mutumin da ke kwance a asibiti ko yake wata ƙasa. A sayi layi da sunan ƙungiya, a buɗe imel na ƙungiya, a mayar da komai kansu.

Idan an saba turo gudummawa ta asusun shugaba na kansa, abin da bai kamata ba tun farko amma yana faruwa, to a rufe wannan ƙofa da sanarwa a rubuce. Duk da haka wasu za su ci gaba da turowa, don lambar na ajiye a wayarsu. A yi yarjejeniya cewa har tsawon wata 6 zuwa shekara, duk abin da ya shigo zai mayar da shi asusun ƙungiya cikin kwana 2, ya tura wa ma'aji shaidar, ya kuma kira mai bayarwar ya ba shi sabuwar lamba.

Akwai wani gibi da ba ya fitowa a littafin lissafi, kuma shi ne ya fi kayar da sabon shugaba. Shugabanni da yawa suna ɗaukar nauyin ƙungiya daga aljihunsu a ɓoye: man mota, katin waya, ɗakin gidansu da ya zama ofis, kuɗin da suke cikewa idan rabo bai kai ba. Alheri ne, Allah ya saka musu. Amma idan ba a rubuta ba, kasafin kuɗin ƙungiyar ƙarya yake faɗa, kuma magajin da ba shi da irin wannan hali za a ce ya gaza, alhali gibin da aka ɓoye masa ne ya bayyana. Shugaba ya zauna da ma'aji su lissafa abin da ya kashe daga aljihunsa cikin wata 12 da suka wuce, a sa shi a kasafi a matsayin kuɗin gudanarwa, a nemo inda zai riƙa fitowa. Idan kuma akwai abin da ya bayar a matsayin rance, ya faɗa yanzu, a rubuta ko ya yafe ko za a biya shi da kuma yaushe. Bashin da ba a rubuta ba, wata rana magadansa ne za su zo nema, ko su ƙi yarda cewa ya yafe.

A raba kuɗin da aka bayar don wani aiki takamaimai da kuɗin da ƙungiya ke da 'yancin kashewa. Wanda ya ba da kuɗin gina rijiya bai ba da na albashi ba. Sabon shugaba kan ga jimillar da ke asusu ya ɗauka akwai wadata, alhali kashi biyu cikin uku amanar wani aiki ce. A rubuta masa kowane kaso: wa ya bayar, don me, nawa aka kashe, nawa ya rage, yaushe za a kai rahoto. A daidaita takardar banki da littafin ma'aji wata bayan wata, a ƙirga tsabar kuɗin ofis a gaban mutum uku su sa hannu. Sannan a kira mai binciken kuɗi daga waje. Wasu shugabanni na jin wannan kamar zargi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Rahoton mai bincike shi ne garkuwar mai sauka ranar da wani ya tashi ɓata masa suna. Idan da hali, a bar wa magaji ajiyar da za ta riƙe ƙungiyar wata 3 ko da ko sisi bai shigo ba, domin gudummawa kan ja baya a watannin farko na sabon shugabanci.

Kadarori kuma a bi su ɗaya bayan ɗaya da takardunsu. Fili, gini, mota, babur, injin wuta: sunan wa ke kan takardar? Idan sunan shugaba ne, to a takarda nasa ne, kuma idan ya rasu zai iya shiga cikin gado ko da duniya ta san na marayu ne. A mayar da su sunan ƙungiya ko amintattunta tun yana da rai da lafiyar sa hannu. A ƙirga kayan sito, a duba ranar lalacewar magunguna da kayan abinci, a fitar da masu kusan lalacewa gaba. A sanar da hukumar da ta yi wa ƙungiyar rajista cewa an sami sauyi, a kuma biya duk rahoton shekara da ake bin ta. Shafin Facebook, zauren WhatsApp da shafin intanet, kowanne a sa masa masu kula aƙalla biyu, a canza kalmomin sirri ranar miƙa aiki.

Mun zo kan abin da ya sa muka ɗauki alƙalami, wato mabuƙatan kansu.

Littafin sunaye ba ya ɗauke da duk alƙawuran da shugaba ya yi. Akwai wanda ya yi a bakin ƙofa, akwai wanda ya yi a gefen gadon asibiti yana riƙe da hannun mai jinya: "Kada ki damu, karatun yaran nan yana wuyanmu har su gama." Matar ta riƙe wannan magana, a kanta ta gina rayuwarta, amma babu inda aka rubuta. Farkon zangon karatu za ta zo ofis, sabon shugaba ya buɗe littafi bai ga sunanta ba, ya ce ta yi haƙuri. Ba mugunta ya yi ba, bai sani ba ne. Saboda haka shugaba mai sauka ya ware makonni, ba yini ɗaya ba, ya bi saƙonnin wayarsa da tsofaffin littattafansa, ya tuno duk alƙawarin baki, ya rubuta: wa aka yi wa, me aka ce, har zuwa yaushe, nawa yake ci a shekara. Amintattu su duba su amince da wanda ƙungiya za ta iya ɗauka. Wanda ba za ta iya ba, shi da ya yi alƙawarin ya je da kansa ya faɗa, ya ba da lokaci mai tsawo don a nemi wata hanya. Barin wannan nauyi a kan magaji zalunci ne ga ɓangarorin biyu.

A cikin jerin, a ware waɗanda taimakonsu ba ya jure tsaiko ko na mako guda. Mai ciwon sukari da ke rayuwa da allurar insulin, kwanaki kaɗan ba tare da ita ba na iya kai shi ga halaka. Mai tarin fuka da ke shan maganin wata 6, idan ya yanke a tsakiya cutar na iya dawowa ta ƙi jin magani. Haka mai farfaɗiya, da mai wankin ƙoda, da mai shan maganin cutar ƙanjamau. Ɗalibin da ranar rufe rajistar jarrabawarsa ta kusa shi ma yana nan. Irin waɗannan a tanadi kuɗinsu na wata 3 gaba kafin ranar sauka, a rubuta sunan asibiti ko makaranta, da ranar da ake biya, da wanda ake kira idan an sami matsala. Ko da canjin masu sa hannu ya makale a banki, su kada ya shafe su.

Sai masu karɓa a asirce, mutanen da talauci ya riska bayan sun san wadata, waɗanda shugaba ke kai wa da dare shi kaɗai. Sirrinsu amana ne. Kada a karanta sunayensu a taro, kada a tura jerin a WhatsApp. Shugaba ya fara zuwa wurin kowannensu ya nemi izini kafin ya faɗa wa wani, sannan ya miƙa ga mutum biyu kacal, sabon shugaba da amintacce ɗaya. Wanda ya ƙi a bayyana shi, a sa masa lamba a maimakon suna a littafin lissafi, a bar mutum ɗaya da ya yarda da shi ya riƙa kai masa. Bayan an miƙa komai, tsohon shugaba ya goge hotunan marasa lafiya, takardun asibiti da lambobin mutane daga wayarsa. Ya riƙe su ne saboda muƙami, muƙamin kuma ya ƙare.

Masu ba da tallafi galibi mutum suke ba, ba ƙungiya ba. Sun yarda da fuskar da suka sani. A fitar da goma ko ashirin da suka fi bayarwa, tsoho da sabo su je musu tare, tsohon ya gabatar ya yi shiru, sabon ya yi bayani. Sauran a aika musu wasiƙa mai sa hannun su biyun. Idan akwai cibiyar da aka ƙulla yarjejeniya da ita a rubuce, a sake karanta takardar, domin wasu na sharɗanta a sanar da su idan shugabanci ya canza.

Watanni 3 na ƙarshe a yi su kafaɗa da kafaɗa. A wata na farko sabon yana bin tsohon yana kallo. A na biyu suna yanke shawara tare. A na uku sabon ne ke jagorantar taro da amsa waya, tsohon yana gefe, ba ya magana sai an tambaye shi, gyaran da zai yi kuma a keɓe, ba a gaban 'yan sa-kai ba. A rubuta takardar miƙa aiki, shafi 10 zuwa 15 sun isa. Abin da ya fi amfani a cikinta shi ne kalandar shekara: watan biyan haya, watan sabunta takardun mota, lokacin kuɗin makaranta, ranar babban taro. A haɗa da matsalolin da ba a warware ba, har da marasa daɗin faɗa, kamar ma'aikacin da ake tuhuma ko rigimar iyakar fili. Tsoho, sabo da shugaban amintattu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

Bayan sauka kuma, a sauka da gaske. Wannan ya fi duk abin da muka lissafa wuya, domin mutumin da wayarsa ba ta hutawa shekara da shekaru zai ji shirun kamar an manta da shi. Muna tausaya masa, kuma ya kyautu ya tanadi abin da zai cike lokacinsa tun kafin ranar. Amma ya ƙaurace wa tarukan gudanarwa na wata 6 zuwa shekara. Idan za a ba shi muƙamin girmamawa, ya zama babu ƙuri'a babu sa hannu. Mabuƙata za su ci gaba da zuwa ƙofarsa. Ya karɓe su da mutunci, ya kira sabon shugaba a gabansu ya haɗa su, kada ya yi alƙawari da sunan ƙungiya. 'Yan sa-kai za su kawo masa ƙorafi cewa ba haka ake yi a zamaninsa ba. Ya mayar da su ga amintattu. Sarki goma zamani goma, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan ya ga ɓarna ta gaske, kamar taɓa amana ko cin zarafin mabuƙata, ya rubuta wa amintattu kai tsaye da hujjojinsa.

Manya ma sun bi wannan hanya. Fazle Hasan Abed, wanda ya kafa ƙungiyar agaji ta BRAC a Bangaladash a 1972, ya bar kujerar babban darakta a 2001, ya koma shugaban hukumar gudanarwa, ya ajiye wannan ma a watan Agustan 2019, watanni kaɗan kafin rasuwarsa a Disambar shekarar, ƙungiyar kuma ta ci gaba da aiki. Mada Taresa ta miƙa shugabancin ƙungiyar agajin da ta kafa a birnin Kolkata na Indiya a 1950 ga Sista Nirmala a watan Maris na 1997, ta rasu a Satumbar wannan shekara. Su biyun sun ga magadansu a kujera da idonsu.

Shi ma shugaba mai sauka yana da haƙƙi a kan ƙungiyarsa: godiya a bainar jama'a, takardar shaida cewa ya miƙa komai daidai, da biyan bashinsa idan akwai. Kyautar ban kwana kuwa, mambobi su haɗa daga aljihunsu, kada a taɓa kuɗin mabuƙata.

Muna kira ga shugabannin da ko tunanin sauka ba su fara ba: ciwo da ajali ba sa ba da sanarwar wata 12. A wannan makon a rubuta shafi ɗaya da ke faɗin wanda zai riƙe ƙungiya na wucin gadi, inda makullai da takardun kadarori suke, da sunayen marasa lafiyar da maganinsu ba ya jira. A rufe shi a ambulan, a ba amintattu biyu, a riƙa sabunta shi duk bayan wata 6.

Mun gode da ba mu wannan fili, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wasu ma'aikatan ƙungiyoyin agaji